Darasin Kiwon Lafiya: Yadda Likita Ke Gane Ciwon Cikin Haƙori

Jama'a da yawa a karkara suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Har akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna karɓar kuɗi wai suna cire ta. Gaskiyar magana, babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani. Suna cin ragowar zaƙin da ya maƙale a baki, kamar na alewa da sukari da lemon kwalba. Daga nan sai su fitar da wani tsami mai zaizaye haƙori har ya yi kogo.

Haƙori yana da rai. Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika. Kowanne yana da farin ɓawo a waje, wanda ya fi duk wani ƙashi na jiki tauri. Can a tsakiya kuwa akwai ɗan nama mai taushi da jijiyoyi da hanyoyin jini. Wannan shi ne ɓargon haƙori. Ya miƙa tun daga sama har ƙarshen saiwa, inda haƙori ya kafu a cikin ƙashin muƙamuƙi. Kogo idan ya yi zurfi, can yake nufa.

Likitan haƙori ba ya ganin ɓargo da idonsa. Saboda haka yakan fara da tambaya. Yaushe ciwon ya fara? Me ke tayar da shi? In ya taso yana daɗewa, ko nan da nan yake wucewa? Amsar da mara lafiya ya bayar ita ce rabin aikin.

Wani in ya kurɓi ruwan randa, ko iskar hunturu ta shiga bakinsa, sai haƙori ya tsira masa. Kafin ya ajiye moɗa zafin ya wuce. Wannan alama ce ɓargo ya fara jin jiki, amma yana iya warkewa. Likita zai share kogon ya yi ciko, shi ke nan. A wannan lokaci aikin ya fi sauƙi, kuɗin ma ya fi kaɗan. Sai dai kash, a lokacin ne mutane suka fi yin sakaci.

Wani kuwa bayan ya haɗiye ruwan, zogi zai ci gaba har fiye da rabin minti. Wani lokaci ba ci ba sha ciwon zai taso da kansa, musamman da dare in ya kwanta. Koko ko shayi mai zafi na iya ƙara shi. To, wannan ɓargo ya lalace, ciko kaɗai ba zai yi ba. Ko dai likita ya huda haƙorin ya kwashe ɓargon, ya wanke ramin saiwa ya toshe, ko kuma a cire haƙorin.

Ga inda ake yawan ruɗuwa. Bayan kwanaki ana fama, sai ciwon ya yi shiru. Mutum ya ce ai kanumfarin da ya sa ya yi aiki, ya koma gona abinsa. Alhali sau da yawa ɓargon ne ya mutu, shi ya sa ba a jin komai. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun bi ta ƙarshen saiwa sun shiga ƙashi. Haƙorin yakan yi duhu. Can gaba sai a ji kamar ya fi sauran tsawo, in an tauna abu ya yi zafi. Wani kuma ɗan ƙurji ne zai fito masa a dasashi, yana fashewa yana fitar da mugunya, ya baje ya sake dawowa.

Bayan tambaya sai gwaji. Likita zai duba bakin da ɗan madubi. Zai ɗora auduga mai sanyi ƙwarai a kan lafiyayyen haƙori, sannan a kan wanda ake zargi, don ya kwatanta. Haƙorin da bai ji sanyin ba sam, mai yiwuwa ɓargonsa ya mutu. Zai ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da bayan madubin. Wanda ya yi zafi, ciwo ya kai kewayen saiwarsa. Zai kuma danna dasashi da yatsa ya ji ko akwai kumburi. Sannan a ɗauki hoton haƙorin. Inda ciwo ya ci ƙashi yakan fito baƙi-baƙi a ƙarshen saiwa.

Me ya sa ake duk wannan? Domin ciwon haƙori yana yaudara. Mutum na iya nuna haƙorin sama, alhali na ƙasa ne ke ciwo. Wani a kunne yake jin sa. Mura mai toshe hanci ma tana sa turamen sama ciwo, su kuwa lafiyarsu lau. Mai cire haƙori a kasuwa ba ya gwada komai. Wanda aka nuna masa shi zai tumɓuke, kuma haƙorin babba in ya fita ba ya sake tsirowa.

Kafin a isa asibiti, ana iya kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a sha farasitamol yadda aka ƙayyade. Kada a zuba ruwan batir a kogo, kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona naman suke yi. Kafso na kemis ma ba ya warkar da mataccen ɓargo, tunda jini ba ya kai magani wurin.

Idan fuska ta kumbura har wajen ido ko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu da numfashi sun yi wuya, kada a jira ranar kasuwa. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro ya yi kisa. A nemi mota a kai mutum babban asibiti a ranar, ko da dare ne.