Ruwa da wuta a jami'a

A Sukukutane mun san darajar ruwa. Wanda ya ja guga daga rijiya mai zurfi ba ya zubar da ruwa a banza. Amma inda ake da famfo, mutum yakan manta da wahalar da aka sha kafin ruwa ya iso.

Idan kun yi ƙoƙari, wasunku za su je jami'a. An kafa jami'ar Yamai a shekarar 1973, ta Doso kuwa a 2014. Jami'a kamar gari take. Akwai azuzuwa, ɗakunan kwanan ɗalibai, gidan cin abinci da ɗakin karatu. Kowane gini yana shan ruwa, yana cin wutar lantarki.

Daga ina suke zuwa? Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa ake ɗebo shi. Injuna ne suke jawo shi. A tace shi, sannan a tura shi cikin manyan tankuna. Injunan nan da lantarki suke aiki. Saboda haka wanda ya ɓarnatar da ruwa, ya ɓarnatar da wuta.

Tun 1976 ake kawo wa Yamai wuta daga Nijeriya, ta hanyar Birnin Kabi. A watan Agusta na 2023 aka yanke ta, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Unguwanni da yawa sun sha duhu. A nan kowa ya gane tattalin wuta ba wasa ba ne.

Ga abin da ɗalibin kirki yake yi. Yana kashe fitila da fanka idan zai fita daga ɗaki. Da rana yana buɗe taga, ya yi karatu da hasken Allah. Yana rufe famfo sosai. Idan ya ga bututu yana yoyo, ya faɗa wa masu gyara nan da nan. Hukumar jami'a ma tana da nata aiki. Ta dasa itatuwa don gine-gine su samu inuwa. Ta sa ƙwan fitila irin na LED, domin mai wat 9 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 60.

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni tun 1992. An haife shi a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Malami ne da ya yi bincike a kan ƙarfin rana. A ma'aikatar ONERSOL da ya shugabanta, an ƙera na'urori masu ɗuma ruwa da zafin rana. Ya nuna mana ranar da take ƙona mu dukiya ce.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɓarnar ruwa ta zama ɓarnar wuta?
2. Wane ne Abdu Mumuni?

Lissafi

Wani famfo yana yoyon lita 1 kowace awa. Lita nawa ya zubar a kwana ɗaya? Jarka nawa mai lita 20 zai cika a kwana 30?

Aiki

Ku ƙidaya guga nawa gidanku yake sha a rana. Ku tambayi inna inda za a iya ragewa.