Mu Koyi Hausa: Kayan Tafiya a Keke

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowa na kawo mana kalmomin da mai doguwar tafiya a keke yake bukata, misali daga Legas zuwa Kano, kimanin kilomita 1,000. Zai ɗaura jaka a kariya, ya sa famfo, sifana, faci da sholisho, domin taya kan yi faci inda babu mai gyara. Kada ya manta da ruwan sha da tocila.

Mu lura da jinsi. Taya da sarƙa mata ne: tayar keke, sarƙar keke. Birki da famfo maza ne: birkin keke, famfon keke.

Aiki: ku gaya wa mai faci matsalar kekenku cikin jimloli uku.