Kuɗin tafiya: inda riyal ɗinka ke zurarewa tsakanin kati da na'urar POS

Yau ba kwalin waya za mu buɗe ba. A bidiyon da ya gabata na ce zan rubuta abin da ya faru da kuɗin yayana a nan Riyadh, domin bayanin ya fi ƙarfin minti goma, kuma akwai lissafin da gara mutum ya gan shi a rubuce.

Yaya ya gama Umara, sai ya ce zai biyo ta wajena ya huta mako guda kafin ya koma Kano. Ina zaune a Al-Badi'a ne, yamma da tsakiyar gari, kusa da Wadi Hanifa. Ɗakinmu mu uku ne ɗalibai, don haka na kama masa masauki a kusa. Ya zo da katin dala, da katin naira, da 'yan kuɗi a aljihu. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, kaso mafi tsoka na kuɗin da ke katin dalar ba nasa ba ne. Gudummawar gida ce, aka ce ya sayo wa ƙanwarmu sarƙa da 'yan kunne na zinari saboda bikinta. Kwana uku da zuwansa ya zauna ya buga lissafi, ya ga akwai giɓi. Ba a yi masa sata ba, bai kuma yi almubazzaranci ba.

Wanda ya taɓa haɗa sola zai gane abin da wuri. Wutar da faranti ke bayarwa tana shiga batir, inbata ta juya ta, cajar wayarka ta sake juya ta. A kowace juyawa wani abu yana tafiya a zafi, shi ya sa inbata ke da fanka. Haka kuɗin tafiya yake. Naira ta zama dala, dala ta zama riyal, kuma a kowace tasha akwai mai cirar nasa. Aikinka shi ne ka san tasha nawa kuɗinka zai bi, ka rage su, kuma ka san wa ke yanka farashi a kowacce.

Lambar da za ka haddace: 3.75

Saudiyya ta ɗaure riyal da dalar Amurka tun 1986. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, kuma babban bankinsu, SAMA, shi ke riƙe da farashin a haka. Mu da muka ga abin da ya sami naira bayan watan Yuni na 2023 mun saba da tambayar "yau nawa dala?" kullum da safe. A nan ba mai yin wannan tambayar.

Amfanin wannan ga baƙo shi ne ya zama yana da mita a hannu. Duk farashin canjin da aka ba ka, ka gwada shi da 3.75, nan take za ka ga nawa aka ci da kai. Idan ba ka son ciro kalkuleta, riƙe wannan: riyal 15 dala 4 ce, riyal 75 dala 20, riyal 375 dala 100.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, naku ya ɗan bambanta. Sefa ma a ɗaure take, amma da yuro, a kan 655.957. Wato kuna da igiya biyu masu ƙarfi, sefa da yuro, riyal da dala, amma tsakanin yuro da dala babu ɗauri, kullum motsi suke. Can ne farashinku ke sauyawa.

Tambayar da na'ura ke yi

Rana ta biyu muka shiga wani shagon turare, Yaya ya yi sayayyar riyal 400. Da ya sa katinsa, sai allon na'urar ya kawo zaɓi biyu: SAR 400.00 ko USD 112.50. Kafin in buɗe baki ya danna dala.

Na ce, "Yaya, me ya sa ka zaɓi wannan?"

Ya ce, "Kai injiniya, katin dala ne fa. In na zaɓi riyal ai sai an yi canji."

Gaskiya hankali zai ba mutum haka, kuma a nan tarkon yake. Mai shago riyal zai karɓa ko me ka danna, saboda haka canji dole ne. Abin da na'urar ke tambayar ka shi ne wa zai yi canjin. In ka zaɓi riyal, cinikin zai bi ta Visa ko Mastercard, su juya shi a farashin da ke dab da 3.75, sannan bankinka ya ɗora kasonsa in yana ɗorawa. In ka zaɓi dala, ɓangaren mai na'urar ne ya yi maka canjin a nan take da farashin da shi ya yanka, da ribarsa a ciki. A Turance ana taƙaita sunan wannan tsarin da DCC, za ka iya ganin haruffan a rasit.

Mu buga. Riyal 400 a raba da 3.75, dala 106.67 ke nan. Yaya ya biya 112.50. Bambancin dala 5.83, kusan riyal 22, sama da kashi 5 cikin ɗari. A kan turare ba abin tada hankali ba ne. To amma zinarin da aka aiko shi na kusan riyal 6,000 ne, wato dala 1,600. Da a can ya danna wannan maɓallin, da ya yi asarar kusan dala 87, sama da riyal 320. Katin jirgin ƙasan Riyadh na wata guda riyal 140 ne. Wato kuɗin zirga-zirgata ta wata biyu da 'yan kai, a danna ɗaya.

Wani abin haushi kuma, wasu bankunan suna cajin kuɗin amfani da kati a ƙasar waje ko da da dala ka biya, tunda shagon ba a ƙasarka yake ba. Sai ka ci duka biyu.

Dokar Visa da Mastercard ta ce kai za a bari ka zaɓa, amma mai kanti da layi a gabansa yakan danna maka kawai. Kafin ka miƙa kati ka ce "bir-riyal". Kalma ɗaya ce, ta wadatar. Na'urar ATM ma tana yin wannan tambayar, sai dai ita ta fi iya daɗin baki, tana cewa za ta tabbatar maka da farashi tun yanzu. Ka ƙi, ka ce ta ci gaba ba tare da canjinta ba.

Katin naira da katin cikin waya

A 2022 bankunan Najeriya da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasar waje, a 2025 kuma wasu suka dawo da shi, kowanne da iyakar da ya sa. Yana aiki, amma tasha biyu yake bi, riyal zuwa dala, dala zuwa naira, kuma ta biyun bankinka ne ke yanka farashi. Ni a wajena katin ko-ta-kwana ne, ba na yau da kullum ba. Kafin ka taso ka tambayi bankinka abu biyu: nawa ce iyakar, kuma a wata ake ƙirga ta ko a wata uku.

Katunan dala na cikin manhaja, waɗanda da yawanku ke biyan kuɗin intanet da su, na san za ku tambaya. Suna da kyau wajen kama masauki ko sayen tikiti daga waya. Amma ba su da jiki, ba za ka sa su a ATM ba, kuma in ba su shiga jakar kuɗin waya irin Apple Pay ba, ba abin da za ka kara a jikin na'ura. Ka gwada wannan tun kana gida, kada ka bari sai kana gaban mai kanti.

Sai maganar mada. Wannan ita ce hanyar biyan kuɗi ta cikin gida a Saudiyya, za ka ga tambarinta a ƙofar kusan kowane shago. Mu masu iƙama da asusun banki a nan da ita muke sayen ko da ruwan riyal ɗaya. Yawancin baƙi ba su da ita. Manyan shaguna suna karɓar katin waje ba matsala, amma na sha ganin ƙananan kantuna a unguwarmu suna cewa mada kawai ko kuɗi a hannu. Kada ganin kowa yana kara waya ya ruɗe ka ka fito aljihu wayam.

Daren da kati ya ƙi

Wannan shi ne wanda ya fi ba mu wahala, kuma rabin laifin nawa ne, domin ni na kai shi masaukin ban yi masa bayani ba.

Ranar da ya sauka, masaukin ya riƙe riyal 500 a katinsa a matsayin ajiya. Ba cirewa suka yi ba. Na'ura ce ke gaya wa bankinka ya killace wannan adadin, kuɗin yana asusunka amma ba ka da ikon taɓa shi har sai an saki. Otal-otal da masu ba da hayar mota duk suna yi. A katin bashi mutum ba ya ji sosai. A katin da kuɗinka ne tsabarsa a ciki, irin namu, kamar an cire ne.

Rana ta biyar da daddare muka hau jirgin ƙasa daga tashar Dhahrat Al-Badi'a zuwa Qasr Al-Hukm, muka taka zuwa kasuwar zinari ta Thumairi, kusa da ganuwar Masmak. An auna, an yi ciniki, Yaya har ya ɗauki hoto ya tura gida. Ya sa kati, ya zaɓi riyal wannan karon yana harara ta, sai na'ura ta ƙi. Abin da ke buɗe a katin bai kai ba, saboda waccan ajiyar da kuma ƙananan cajin da suka taru.

Ba komai, in ji shi, akwai saura a ɗaya asusun, zai tura. Ya buɗe manhajar banki, ta ce za ta aiko da lambar OTP zuwa layinsa na Najeriya. Layin kuwa yana Kano. Ya cire shi ya bar wa matarsa a ƙaramar waya, wai tunda zai sayi layin Saudiyya. Muka tura mata saƙo, ba ta gani ba, tana wajen hidimar biki. Da ta gani ta turo lambar, ta riga ta mutu. Sau biyu ana haka, a na uku manhajar ta kulle shi. Mai shagon, dattijo ne mai haƙuri, ya kawo mana gahawa, amma na ga ya mayar da sarƙar cikin gilashi.

Ka taho da layinka. Ka kunna masa aiki a ƙasar waje tun kafin ka hau jirgi, ka kashe masa data, ka bar shi don karɓar saƙo kawai. Yawancin wayoyinmu layi biyu suke ɗauka, masu eSIM kuma sun fi kowa sauƙi. In bankinka yana ba da token, ko na hannu ko na manhaja, ka karɓa ka gwada shi. Tura OTP ta hannun wani, ko da matarka ce, hali ne da bai kamata a saba da shi ba, domin 'yan damfara da irin wannan sabon suke shiga.

Kuɗin hannu

Ko a Wapa ka sayi riyal ko ka taho da dala ka canza a nan, mitar ɗaya ce. Ɗauki farashin dala na ranar ka raba da 3.75. A ce, don sauƙin lissafi, dala naira 1,500 ce, to riyal ya kamata ya faɗi kusa da naira 400. In ɗan canji ya ce 430, ka san kashi 7 da rabi yake nema, gara ka sayi dala. Lokacin aikin Hajji da azumi, da kowa ke neman riyal, an fi ganin irin wannan tazarar.

A Riyadh, shagunan canji masu lasisi a Batha suna ba da farashi kusa da 3.75 ga dala, kuma za su nemi fasfo. A filin jirgin sama na Sarki Khalid ka canza abin mota da abinci kawai. Ka taho da takardun dala 100 sababbi masu tsabta, tsoho ko yagagge ana ƙin sa. Naira kam ka bar ta a gida. In abin da ke hannunka ya wuce dala 10,000, dokar Najeriya ta ce ka bayyana wa kwastam, Saudiyya ma tana da tata iyakar.

Da ni ne, kuɗin aike irin na zinari zan ware shi a kuɗin hannu ko a katin da ba zan miƙa wa kowane masauki ba. Ajiyar masauki in biya ta da riyal a hannu, in karɓi rasit, ranar tafiya a mayar mini nan take. Harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari yawanci yana cikin farashin da aka liƙa, amma a wajen zinari ka tambaya ko farashin da aka faɗa ya haɗa da haraji da kuɗin ƙira kafin a ce an sallama.

A daren dai da katina na mada na biya, kuɗin da na tara don sayen kwamfutar da na yi alkawarin gwada muku. Yaya ya mayar mini da su bayan ya je banki a Kano an buɗe masa manhaja. Riyal 500 ɗin masauki kuwa sai da ta kwana goma sha ɗaya kafin ta dawo, ranar ana kamu. Bidiyon kwamfutar zai fito mako mai zuwa in Allah ya kai mu.