Darasi: Yadda Ake Saka Soket Da Layin Intanet A Jikin Teburi Ba Tare Da Haɗari Ba

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga cikin waya ya koma kan teburin da muke ɗora ta.

Watanni kaɗan da suka wuce na koyar da wasu matasa rubuta manhaja a wani ɗakin taro a nan Talata Mafara. Mu goma sha biyu ne, soket ɗaya ne a bango. Aka jona ekstenshin, aka jona wani a jikinsa, aka ƙara na uku. Kafin azahar wani ya taka waya, kwamfutarsa ta faɗo ƙasa, sikirin ya tsage. Da yamma kuma muka ji ƙauri, ashe ekstenshin na farko ne ya fara narkewa. Duk wanda ya taɓa zaman karatu da abokai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ko ya shiga shagon caji ranar kasuwa, ya san irin wannan tarkacen wayoyi.

Maganinsa shi ne a saka soket a jikin teburin kansa, wayoyi su bi ta ƙasa, a sama kuwa bakin soket kaɗai za a gani.

Ire-irensa

Uku ne suka fi yawa. Na farko mai zama cikin rami zagayayye, yawanci mai faɗin milimita 60 ko 80, wani ana danna shi ya taso, a sake dannawa ya nutse. Na biyu akwati ne mai murfi da ake yanka masa gurbi a tsakiyar teburin taro. Na uku ana maƙala shi a gefen teburi da maɗauri, ba a huda komai, don haka shi ya dace da wanda teburin ba nasa ba ne.

A yankinmu mai murfi ya fi amfani. Ƙurar hunturu tana cika bakin USB, kuma ledar ruwa ko kofin shayi ɗaya ya zube a kan soket da ke kallon sama ya isa ya jawo matsala.

Lissafin wuta kafin ka sayi komai

Wutar Najeriya bolt 230 ce, kuma soket ɗinmu mai baki uku irin na Ingila yana ɗaukar amfiya 13. Idan ka ninka 230 sau 13 za ka samu wat 2,990. Wannan shi ne iyakar abin da filogi ɗaya zai ɗauka, ko da soket goma aka jera a bayansa.

Mu ɗauki teburin mutum takwas. Kowa da kwamfuta mai cajar wat 65 da waya mai cajar wat 20, wato wat 85 kowane mutum. Sau takwas ya zama wat 680. Ƙara majigi mai kamar wat 300, ka samu 980. Filogi ɗaya zai ɗauki wannan cikin sauƙi. Amma da zarar wani ya jona butar dafa ruwa mai wat 2,000, an kai bakin iyaka. Shi ya sa doka ta farko ita ce: hita, dutsen guga da buta ba sa hawa soket ɗin teburi.

Sai ka duba inda wutar take fitowa. Idan wutar Kaduna Electric ce, lissafin da ke sama ya wadatar. Idan kuwa ƙaramin janareta ne irin wanda aka rubuta 950 a jikinsa, ba zai iya jan wat 980 ba, domin ainihin ƙarfinsa bai kai lambar da ke jikin ba. Haka inbata: karanta ƙarfinta, ka bar mata sarari, kada ka cika ta taf.

Bakin USB: ba duka ne ɗaya ba

Nan ne masu saye suka fi yin asara. Tsohon baki mai faɗi, USB-A, yawanci bolt 5 ne da amfiya 2.4, wato wat 12. Zai caja waya a hankali, amma ba zai iya da kwamfuta ba. Abin da kake nema shi ne USB-C mai rubutun PD. Tsarin PD yana kai wat 100, kuma sabon fasalinsa na shekarar 2021 ya kai 240. Ga yawancin kwamfutocin ɗalibai, wat 65 ya isa.

Ka kula da abu biyu. Na ɗaya, lambar da aka rubuta a kwali sau da yawa jimilla ce. Idan an ce wat 65 kuma baki biyu ne, mutum biyu suka jona, raba ta za su yi. Na biyu, kebul ma yana da iyaka. Kebul na USB-C na gama-gari amfiya 3 yake ɗauka, wato wat 60. Wanda zai wuce haka sai mai ɗan guntun cif a cikin kansa, za ka ga an rubuta 5A ko 100W.

Duniya ta riga ta karkata ga USB-C. Apple ya koma kansa tun daga iPhone 15 a 2023, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi ga sabbin wayoyi daga ƙarshen Disamba 2024. Teburi mai kyau zai yi shekara goma, bakin caji kuwa yana tsufa kafin nan. Saboda haka zaɓi akwatin da ake kwancewa da sukurudireba a sauya, kada kafinta ya manne shi da gam.

Layin intanet da na majigi

Wi-Fi yana da daɗi, amma idan mutum ashirin suka hau rauta ɗaya a ɗaki ɗaya sai ya fara ja da baya. Wurin jarrabawa ta kwamfuta ko ofis ya fi dacewa da kebul. Cat5e yana ɗaukar gigabit 1 har tsawon mita 100. Cat6 ma haka, kuma yana iya kai gigabit 10 idan tsawon bai wuce kamar mita 55 ba. Nemi mai tagulla zalla. Akwai mai araha da aka yi da alminiyam aka shafa masa tagulla a sama. Kankare shi da reza, idan cikin fari ne ka bar shi.

Kada a ɗaure kebul na intanet da wayar wuta a dami ɗaya, kowanne ya bi hanyarsa. Sannan a saka bakin HDMI ɗaya a tsakiyar teburi domin majigi ko talabijin, mai gabatarwa ya jona daga inda yake zaune.

Wajen haɗawa

Aikin mutum biyu ne: kafinta da ƙwararren mai wayarin. Ka sayi akwatin tukuna, kafinta ya auna shi da hannunsa kafin ya yanka katako, domin rami idan ya yi faɗi ba ya komawa. Ga abubuwan da za ka tsaya a kansu:

1. Wayar da za ta ciyar da teburin kada ta gaza milimita 1.5, mai jijiya uku. Ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce ta dawowa, kore da ɗorawa ita ce ta ƙasa.
2. A haɗa wayar ƙasa, musamman idan teburin mai ƙafar ƙarfe ne. A gwada a tabbatar soket ɗin bango ma yana da ita, don gidaje da yawa ramin na uku ado ne kawai.
3. Filogi ya kasance da fiyus na gaske. Idan ya ƙone a sauya shi, kada a naɗa masa waya ko takardar sigari.
4. A allon wutar ginin a samu na'urar yanke wuta mai lamba 30mA. Ita ce ke katse wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum.
5. Wayoyi su bi cikin bututu ko magudanar roba saboda ɓera da ƙafar mutane.
6. A bar wa akwatin iska ta ƙasa. Caja tana fitar da zafi, kuma a watan Afrilu zafin nan yana haura digiri 40.

Idan za ka aika a sayo maka daga Gusau, Sakkwato ko kasuwar Sabon Gari a Kano, ka sa a turo maka hoton rubutun da ke bayan akwatin kafin a biya kuɗi. Nemi 13A, nemi PD da adadin wat, sannan ka duba ko sashen USB ɗin an rubuta 100-240V, domin irinsa ya fi jure wuta idan ta zo da rauni. Wanda babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, komai arharsa, ka ƙyale shi.

Aikin gida: ɗauko duk cajojin da kake amfani da su a teburinka, karanta wat ɗin kowacce, ka haɗa jimilla, ka gwada da ƙarfin inbata ko janaretanka. A darasi na gaba za mu koyi yadda ake matse kan kebul na intanet da kanka. Sai mun haɗu.