Kiwon karfasa cikin aji

Yara, kun san karfasa. Kuna ganinta a kasuwa an jera ta bisa tire, kuna kuma cin ta soyayya. To, wa ya taɓa ganin yadda take renon ƴaƴanta? Ruwan kogin Isa jawur yake da damina, ido ba ya kai ƙasa. Saboda haka za mu kawo karfasa cikin ajinmu, mu sa ta a akwatin gilashi, mu gani da idonmu.

Karfasa tana da dangi masu yawa a Afirka. A tafkin Malawi kaɗai akwai iri ɗaruruwa. Waɗansu ƙanana ne, ba su fi yatsan babban mutum ba. Akwai wata ƴar ƙarama a rafukan kudancin Nijeriya da Kamaru, wadda cikin macen ke yin ja in ta kusa ƙwai. Turawa na kiwonta cikin ɗaki don ado. Mu dai ba sai mun tafi nesa ba, ga kogi nan a ƙofarmu.

Akwatin da za mu yi aiki da shi yana da tsawon santimita 100, faɗi 40, tsayi 40. Mai yanka gilashi ne zai haɗa mana shi da gam wanda ruwa ba ya ci. Ba za mu cika shi fal ba, domin kifi na tsalle. In ruwa ya kai santimita 35 ya isa, lita 140 ke nan. Ku tuna, lita guda ta ruwa kilo guda ce. Teburin ɗan lakwal ba ya ɗaukar kilo 140. Sai a ɗora akwatin bisa dakali mai ƙarfi, wanda bai karkace ba, a kusurwar da rana ba ta bugu.

A ƙasan akwati za mu zuba rairayi mai kaurin yatsa uku. A wanke shi sau da yawa, ba da sabulu ba, har sai ruwan wankin ya fito garai. Bisa rairayi a kifa katangar tulu biyu ko uku. Kada ku rena waɗannan katangu. Namijin karfasa mafaɗaci ne, yana korar mace ba dare ba rana. In ba ta da wurin ɓuya, sai ya ji mata ciwo har ta mutu.

Sai batun ruwa. Ruwan pampo na Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace shi a Gudel da Yantala, a sa masa magani mai warin zabel don kashe ƙwayoyin cuta. Wannan magani alheri ne gare mu, amma guba ne ga kifi. Dabarar ba ta da wuya: a ɗebi ruwa a bokiti, a bar shi buɗe kwana biyu, maganin ya fice. Bayan mun cika akwati, za mu bar shi mako guda ba kifi. Na san za ku ƙosa, ku dai yi haƙuri.

Kifin kuwa, ba ku za ku kamo shi ba. Kada kowa ya shiga ruwa. A bakin kogi da cikin magudanan gonakin shinkafa akwai ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Malam ne zai roƙi masunta na Gamkalle ko na Saga su ba mu karfasa huɗu masu rai, namiji ɗaya da mata uku, masu tsawon tafin hannunku. Mai zane-zane a wutsiya muke so, wanda ya ratsa daga sama zuwa ƙasa. Akwai wata karfasa mai jan ƙirji. Ita bisa dutse take manna ƙwanta, uwa da uba su yi gadi. Ba ita muke nema ba bana. In an kawo kainuwa, a bincika saiwarta da kyau, a cire duk katantanwar da ta maƙale.

Abincinsu dussa ce, ta shinkafa ko ta hatsi, da ɗan garin ƙuli-ƙuli, wata rana gara. A ba su sau biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 5. Nan ne yawancin masu kiwo ke ɓata aikinsu. Kowane yaro yana so ya jefa ɗan abu, abincin ya yi yawa, ya ruɓe a ƙasa, ruwa ya lalace. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba su abinci kowane mako, za mu rubuta sunansa a allo. Ran Juma'a kuma a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a maye shi da wanda ya kwana biyu a bokiti.

Kifi yana shaƙar iskar da ta narke cikin ruwa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40. In kun shigo da safe kun tarar da kifi a sama suna buɗe baki, iska ce ta gaza musu. Maza ku canja ruwa, ku tsai da abinci yini guda. Da sanyi kuwa, a Disamba da Janairu, sai su lafe, ba su ƙwai. Karfasa ba ta haihuwa in ɗumin ruwa bai kai digiri 20 ba.

In komi ya yi daidai, wata rana za ku ga namiji yana ɗibar rairayi da baki yana tofarwa gefe. Gurbi yake haƙawa, kamar ƙwarya. Jikinsa ya ɗan yi ja, ba ya barin kowa ya matso. Mace ta shigo ta zuba ƙwai, shi kuma ya zuba nasa ruwa a kai. Nan take sai uwar ta tsince ƙwan ɗaya bayan ɗaya da bakinta. Ba ci take ba, goyo ne. Dubi maƙoshinta, za ku ga ya kumbura. Ƙaramar uwa tana ɗaukar ƙwai 100 ko fiye. Cikin kwana 3 zuwa 5 su ƙyanƙyashe, amma ba ta sakin su. Tana riƙe da su har kusan mako biyu, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ta sa komi a cikinta.

A waɗannan kwanaki sai a fitar da namijin da sauran matan. Ba bugun gilashi, ba sa hannu cikin ruwa. In uwar ta firgita tana iya tofar da ƙwan, su lalace. Ranar da ta saki ƴaƴan, ku tsaya shiru ku duba. Suna yawo kewaye da kanta kamar hayaƙi. Inuwar mutum na giftawa, sai su ruga su koma bakin uwarsu.

Yanzu ku yi tunanin masunci da ya ja taru mai ƙananan idanu. In ya kama uwa ɗaya mai goyo, kifi nawa ya fitar daga kogi? Kogin ma yana da nasa wahala: a watan Yuni na 1985, bayan shekarun fari, ruwan Isa ya daina gudu a Yamai, kifi suka takura cikin ƴan tabkuna.

Akwatinmu ba ya ɗaukar kifi ɗari. In suka yi cunkoso ba su girma. Da ƴaƴan sun kai santimita 3, za mu bar goma, saura Malam ya maida su kogi, wurin da aka kamo iyayensu. Kafin babban hutu, duka za su koma.

Aiki

Ka auna tsawo da faɗi da tsayin wani mazubi na gidanku mai kusurwa huɗu. Lita nawa yake ci?

Don mi ake barin ruwan pampo ya kwana biyu?

Ka tambayi masunci ko mai saida kifi sunayen kifaye biyar na kogin Isa, da Hausa da Zabarmanci, ka rubuta su a littafinka.