Motar da ke tashi yau, gobe ta ƙi: a duba makulli kafin a sauke famfon mai

'Yan'uwa direbobi da masu motoci na yankin Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, akwai wata cuta da nake yawan gani a garejina na gyaran wutar mota, kuma sai an gama ɓarnar kuɗi ake kawo min ita. Mota ta wuni tana jigilar gero da wake lafiya lau. A kashe ta a yi La'asar, a dawo a murza makulli, ta ce ba ta san zance ba. Bayan rabin awa kuma ta tashi da kanta. Daga nan sai a bi fulogi da famfon mai ana canjawa, wani ma a tura shi Ƙofar Ruwa sayen ƙwaƙwalwar mota, ya dawo ya tarar sabuwar ba za ta tashi ba sam, domin ba a haɗa ta da makullinsa ba.

Sau da yawa laifin na imobilaiza ne, na'urar hana sata. Tun 1998 Jamus ta wajabta ta a kan kowace sabuwar mota, shi ya sa yawancin Golf, Sharon da 406 'yan Kwatano ke ɗauke da ita. A cikin kan makullin akwai wani ɗan cif kamar ƙwayar shinkafa, ba ya amfani da batir. Zoben waya da ke kewaye da bakin makulli a jikin sitiyari shi ke ba shi wuta ya karanta lambarsa. In lamba ta yi daidai, ƙwaƙwalwa ta saki mai da wuta. In ba ta ji lambar ba, ko kai ne mai motar, ɓarawo ta ɗauke ka.

Alamar ba ta ɓuya ga mai lura. Golf da Sharon sukan tashi, su yi daƙiƙa ɗaya ko biyu, su mutu. Toyota kuwa kik zai yi ta juyawa inji bai kama ba, 'yar fitilar tsaro tana ta ƙyaftawa alhali makulli na ciki. Famfon mai da ya gaji ba ya kashe mota a daidai daƙiƙa guda kowane lokaci.

Abin da nake fara tambaya shi ne safayar makulli. In safayar na tayar da mota kullum, magana ta ƙare, matsalar ta makullin farko ce. Nakan ga kan makulli ya tsage an naɗe shi da salatif, cif yana yawo a ciki, yau yana kusa da zobe, gobe ya ja baya. Wani kuma ya haɗa makullan motoci biyu a ƙarfe ɗaya, na'ura ta rasa wanda za ta saurara.

Sai batir. A tsaye ya kamata ya nuna wajen volt 12.6, in ana kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Kan batir mai sako-sako, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota in ta yi tsatsa, sun isa su rikita na'urar da sanyin safiya.

Inda aikin yake shi ne zoben nan. Wayoyinsa sirara ne ƙwarai, hanyoyinmu na ƙauye kuwa gargada ce zalla, ga ƙurar hunturu, ga danshin damina. Soket ɗinsa ya saki, ko waya ta karye a cikin robarta tana taɓawa tana rabuwa. Ido ba ya ganin wannan. Nakan cire murfin sitiyari, na ɗora mita, na yi ta girgiza wayar har lamba ta yi tsalle. Kwamfuta na taimakawa, don ko motar ta iso da ƙafarta, takan ajiye tarihin abin da ya faru. A dangin Volkswagen, lambar kuskure 17978 na nufin imobilaiza ce ta hana tashi, 01176 matsalar makulli, 01128 kuma zobe. Gyaran bai wuce wanke soket, lika waya da dalma, ko sauya zoben ba, kuma sabon zobe ba ya buƙatar a haɗa shi da kwamfuta. Murɗe waya da hannu a rufe da salatif, wannan kasuwa biyu zai kai.

Akwai masu ciro cif su manna shi a jikin zobe da gam, ko su kashe na'urar gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa. Mota za ta tashi, ba musu. Amma daga ranar duk wanda ya yanko makulli a bakin kasuwa zai iya tafiya da ita. Ni ba na yi sai mai mota ya ji wannan da kunnensa ya ce ya yarda.

Wanda kuma makulli ɗaya gare shi, ya je Kano a yi masa na biyu mai cif tun wannan na aiki. In ya ɓace babu na biyu, sai an kwance akwatin na'urar an karanta shi da kwamfuta, motar na ajiye har a gama.