Damina daga teku take tasowa

Tun watan Fabrairu manoma ke fara tare mu masu aikin hasashen yanayi da tambaya: "Malam, yaya damina bana?" Kafin mu ce uffan, taswirar zafin ruwan teku muke buɗewa a kwamfuta, ja inda ruwa ya yi ɗumi, shuɗi inda ya yi sanyi.

Ga dalili. Da bazara hamadar Sahara tana ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, sai ta jawo iska mai danshi daga Tekun Guinea, ta kudu maso yamma. Ita ce ke tura busasshiyar iskar hunturu arewa, ita ke kawo hadari. Gwargwadon ratar da ke tsakanin zafin ƙasa da sanyin teku, gwargwadon ƙarfinta. Daga Mayu ruwan Tekun Guinea kan fara sanyi, zuwa ƙarshen Yuni ruwan sama ya baro gaɓa ya nufo mu. Shekarar da tekun ya ƙi hucewa kuwa, hadari kan lafe a gaɓa, Legas ta jiƙe sharkaf, Katsina da Maraɗi suna ta ɗaga kai. Haka aka yi a 1984, ɗaya daga cikin shekarun da fari ya fi tsanani.

Tekun Fasifik ma, duk nisansa, yana taɓa mu. In gabashinsa ya yi ɗumi, abin da ake kira El Nino, sau da yawa daminarmu kan yi rauni, kamar a 1972 da 1982.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka daɗe ana ɗora laifin farin waɗannan shekaru kan makiyaya da masu saran itace. Binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003 ya nuna sauyin zafin tekuna ne babbar sila. Sare daji ɓarna ne, amma ba talaka ya hana ruwa ba.

Da yake teku ba ya sauya zafi da sauri, muna iya hango yanayin damina watanni kafin ta sauka, ko da ba za mu faɗi ranar da za a yi ruwa a gonar wani ba. Don haka in hukumar hasashen yanayi ta NiMet ko cibiyar AGRHYMET ta Yamai suka ce ruwa zai makara ko zai ɗauke da wuri, a nemi malamin gona, a zaɓi irin gero da wake mai saurin nuna, kuma kada a zuba iri duka a ruwan farko.